Filin Tambaya da Amsa: Gashin Bakin Mario, Hura Kaset da Duniyar da Ba Ta da Lamba

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duka a kan Nintendo suke, kamfanin Japan mai Mario da Zelda da Kirby. Wasu tarihi suke nema, wasu gyara. Mun haɗe masu kama da juna, waɗanda suka yi tsawo kuma mun rage su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu, wani ya ce Nintendo ya girmi jirgin sama. Ni na ce ba zai yiwu ba, ai gem ba tsohon abu ba ne. Ku raba mana gardama. (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokin gardamarka ne da gaskiya. Fusajiro Yamauchi ya kafa kamfanin a birnin Kyoto ranar 23 ga Satumba 1889, shekara 14 kafin jirgin sama na farko ya tashi a 1903, wato shekarar da Turawa suka ci Kano. Sai dai a lokacin karta yake bugawa, wata irin karta ta Japanawa da ake kira hanafuda, ma'ana katin furanni. Kati 48 ne, an kasa su gida 12, kowane gida yana wakiltar wata guda na shekara da furensa, kati huɗu-huɗu. Har gobe kamfanin yana sayar da ita.

Wanda ya juya akalar kamfanin shi ne tattaɓa-kunnen mai gidan, Hiroshi Yamauchi, da ya riƙe shi daga 1949 zuwa 2002. Da ya ga kasuwar karta tana da iyaka ya gwada harkar tasi, ya gwada shinkafar dafa-nan-take, duk ba su ɗore ba. Mafita ta fito ne daga hannun Gunpei Yokoi, ma'aikacin da aka ɗauka don kula da injinan buga karta. Ya ƙera wani ɗan hannun wasa mai miƙewa ya cafko abu daga nesa, aka sa masa suna Ultra Hand a 1966, ya kuma sayu fiye da miliyan ɗaya. Shi ne dai ya fito da ƙaramin gem na riƙewa a hannu mai suna Game & Watch a 1980, kuma maɓallin nan mai rassa huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama, da ke kan kusan kowane hannun gem a yau, a kan Game & Watch na 1982 ya fara bayyana da wannan siffar.

Tambaya: Me ya sa Mario yake da gashin baki da hula? Kuma ta yaya Bajapane ya ƙirƙiro shi amma sunansa na mutanen Italiya? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarancin wuri ne ya ɗinka wa Mario kayansa. A 1981 da Shigeru Miyamoto ya zana shi, filin da yake da shi ɗigo 16 ne a tsaye, 16 a kwance, da launi uku kacal. Ka ɗauko takardar lissafi mai gida-gida ka ware 16 da 16, ka gwada cusa mutum sukutum a ciki, nan za ka ga inda gizo ke saƙa. Baki ba zai fito ba, sai ya shimfiɗa gashin baki a ƙarƙashin ƙaton hanci, fuska ta samu fasali. Sumar kai tana bukatar motsi idan mutum ya yi tsalle ko ya faɗo, sai ya kifa masa hula ya huta da wannan aikin. Hannaye kuma in launinsu ɗaya da gangar jiki ba za a ga suna lilo ba lokacin gudu, shi ya sa aka sa masa wandon ma'aikata mai igiya a kafaɗa, launinsa daban da na riga. A wancan zanen wandon ne ja, rigar shuɗiya. Daga baya aka juya su.

Shi kansa gem ɗin da Mario ya fara fitowa a ciki, Donkey Kong, asara ce ta haife shi. Reshen kamfanin na Amurka ya yi odar akwatunan gem na jefa kuɗi guda 3,000 na wani wasa mai suna Radar Scope, kusan 2,000 suka yi kwantai a sito. Aka nemi sabon wasa da za a zuba a cikin akwatunan nan ba tare da an ƙera sababbi ba. Miyamoto ya so ya yi amfani da tauraron katun ɗin nan Popeye, izini bai samu a lokacin ba, sai ya maye gurbin mutanen labarin da goggon biri da budurwa da wani kafinta. E, kafinta ne da farko, domin a wurin gini ake wasan. Sai a Mario Bros. na 1983, da wasan ya koma cikin magudanan ƙarƙashin ƙasa, ya zama mai gyaran famfo. Kalmar Donkey, wato jaki, da ke cikin sunan birin kuwa taurin kai ake nufi da ita, abin da ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba.

Shi kafintan, Jumpman aka fara saninsa da shi, wato mai tsalle. Ma'aikatan Amurka ne suka raɗa masa Mario, sunan mai siton da suke haya a Tukwila ta jihar Washington, Mario Segale, ɗan asalin Italiya. Luigi ya zo a 1983 don a samu ɗan wasa na biyu, kuma zanen Mario ne aka sauya wa launi, saboda ba wurin ajiye sabon zane. Sunan Wario kuwa, abokin hamayyar Mario da ya fito a 1992, haɗin Mario ne da kalmar Japananci warui, mugu.

Irin wannan tsimin ya cika Super Mario Bros. na 1985, wanda duka-dukansa kilobayit 40 ne, bai kai nauyin hoto guda na waya ba. Ka dubi gajimaren sama ka dubi ciyayin ƙasa a matakin farko: zane ɗaya ne, wancan fari, wannan kore.

Tambaya: An aiko mini da tsohuwar NES, na'urar gem ta Nintendo da ake jonawa da talabijin, daga Amurka da kaset shida. In na kunna sai jar fitila ta riƙa ƙiftawa, talabijin yana walƙiya. Ina hura kaset ɗin kamar yadda muke yi muna yara, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya ƙi. Mene ne maganin dindindin? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, fara daina hurawar. Iskar baki tana ɗauke da danshi da ɗigon yawu, su kuma haƙoran kaset tagulla ne, sannu a hankali sai su yi tsatsa mai kore-kore. Abin da yake sa ya kama bayan an hura shi ne cirewa da mayarwar da aka yi, haƙora suka sake zama daidai. Ba iskar ba ce.

Ƙiftawar fitila tana da dalili. A cikin NES akwai wani ɗan guntu mai gadi da ake kira 10NES, kowane kaset na asali kuma yana da abokinsa. Da an kunna sai su gaisa. In gaisuwar ba ta kammala ba saboda datti a haƙori ɗaya ko biyu, mai gadin zai riƙa sake tayar da na'urar kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Wannan ne kake gani.

Ga yadda za ka yi. Ka samo sifirit na goge kayan lantarki mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da tsinken goge kunne mai auduga. Ka jiƙa kai ɗaya kaɗan, ba sharkaf ba, ka goge haƙoran kaset gaba da baya, fuska biyun duka, kana sauya auduga har ta daina fitowa baƙa. Ka bushe da ɗaya kan, ka bar shi minti biyar. Kada ka yi amfani da ruwa, ko fetur, ko man juye, kada kuma ka kankare da reza ko sanfefa, domin rufin da ke kan haƙoran siriri ne, in ya tafi ya tafi ke nan. In dattin ya yi kanta sai an buɗe kaset. Na farko-farko suna da noti biyar na sukudireba mai faɗin baki, na baya kuma noti uku ne masu kai kamar tauraro, waɗanda sai da mabuɗi na musamman mai milimita 3.8.

In duk kaset ɗin sun yi fes amma fitila ba ta daina ba, laifin yana bakin na'urar. Haƙora 72 ne a ciki, kuma salon NES na tura kaset sannan a danna shi ƙasa yana lanƙwasa su kaɗan-kaɗan har su saki. Ana zare bakin gaba ɗaya daga allon na'urar bayan an kwance notuna, a wanke shi da sifirit, a ɗaga kowane haƙori sama kaɗan da bakin allura, ko a sayi sabo a sa. Wasu masu gyara suna yanke ƙafa ta 4 ta guntun mai gadin don ya daina sake tayarwa. Yana aiki, amma ba ya wanke datti, hoton zai iya ci gaba da hargitsewa.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya fi wannan haɗari: wuta. Adaftar NES ta Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 220 zuwa 230. In ka soka ta kai tsaye a bango za ta ƙone, sai da na'urar rage ƙarfin wuta a tsakani. Kada kuma a ɗauki adaftar NES a jona wa Famicom, wato takwarar NES ta Japan, don bakin ya shiga. Ta NES wuta mai kai-komo take fitarwa, Famicom kuwa miƙaƙƙiyar wuta take sha, nan take takan lalace.

Ita Famicom ɗin, mai haƙora 60, ba ta da mai gadin nan. Ita ce aka kwaikwaya aka cika kasuwanninmu da masu rawayen kaset da ake rubuta wa wasa dubu tara da ɗoriya. Wasannin gaske a ciki ba su da yawa, maimaita su ake yi da sabon suna, wani a fara daga mataki na gaba, wani a sauya launi.

Tambaya: Da gaske ne akwai ɓoyayyar duniya mai lamba -1 a Super Mario Bros.? Yaya ake shiga? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Akwai ta, ɗan'uwa, amma ba wanda ya gina ta da gangan. Kuskuren lissafi ne. Hanyar shiga tana ƙarshen mataki na 1-2, kuma sai kana babban Mario domin akwai fasa bulo.

Ka hau kan bututun ƙarshe, wanda yake fitar da kai zuwa tuta. Bulon rufin da ke samanka, ka bar na farko wanda ya jingina da bututun tsaye, ka fasa na biyu da na uku. Ka tsaya a gefen hagu na bututun kana fuskantar hagu, ka durƙusa, ka yi tsalle a durƙushe, kana sama sai ka danna dama yadda ƙeyar Mario za ta gogi ƙasan bulon da ka bari. In ka dace bangon zai ja ka ciki ya ratsa da kai zuwa ɗakin bututu uku. Yawancin masu gwadawa a nan suke faɗuwa: ko dai sun saki durƙuson da wuri, ko sun danna dama tun ƙafa ba ta bar ƙasa ba. Da ka fita daga bangon ka faɗa bututun farko nan take, kafin rubutun maraba ya bayyana a sama. In rubutun ya riga ya fito, bututun ya koma na duniya ta 4 kamar kullum.

Dalilin shi ne wasan bai kai ga loda lambobin wannan ɗakin ba, sai ya ɗauko na wani ɗakin da ke 4-2, mai bututu ɗaya tak zuwa duniya ta 5, hagu da damansa fanko. Shi fankon ma lamba gare shi a cikin wasan, 36. Wato duniya ta 36-1 ka shiga, amma da yake zanen lamba 36 fili ne, sai ka ga -1 kawai. Matakin ruwa ne mai maimaita kansa, in ka kai ƙarshe ya mayar da kai farko har lokaci ya ƙare. Abin gani sau ɗaya ne, ba riba a cikinsa.

Wanda yake da riba shi ne tara rayuka a benen ƙarshen 3-1. Kunkuru biyu suna saukowa. Ka tsallake na farko, ka taka na biyu daidai lokacin da yake bakin tsani, ƙoƙonsa zai riƙa dukan tsanin yana dawowa ƙarƙashin ƙafarka. Maki zai hau daga 100 har 8,000, daga nan kowane taku rai guda ne. Ka tsaya kafin su kai ɗari. Bayit ɗaya, wato ɗan gurbin ajiye lamba a cikin na'ura, shi ne yake riƙe adadin, kuma da sun zarce 128 wasan yana karanta su kamar bashi, mutuwa ɗaya sai ka ga wasa ya ƙare.

Irin wannan cikar mudu ce take kashe Donkey Kong a mataki na 22. Wasan yana lissafa lokaci da ninka lambar mataki sau 10 ya ƙara 40. A na 22 ya zama 260, bayit kuwa daga 0 zuwa 255 yake ɗauka, sai ya zube ya bar 4. Mario yakan mutu cikin kamar daƙiƙa bakwai, komai ƙwarewar mai wasa.

Ƙarin amfani biyu. In rayukanka suka ƙare, ka riƙe A ka danna Start a allon farko, za ka ci gaba daga farkon duniyar da ka mutu. Kuma Bowser, babban mugun wasan, wanda kake tararwa a ƙarshen duniya ta 1 zuwa ta 7 duk na bogi ne. Ka harbe shi da ƙwallon wuta biyar maimakon taɓa gatari, za ka ga ainihin ƙaramin abokin gaban da ya yi shigar: Goomba a ta farko, Lakitu a ta biyar, Hammer Bro a ta bakwai.

Tambaya: Bindigar wasan harbin agwagwa na NES, Duck Hunt, ta daina ci tun da muka sayi talabijin na bango. Ta lalace ne? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Da wuya, Malam. Bindigar ba ta harba komai, ido ne da ita a cikin bututun, mai gane haske. In ka ja kunama, allon yana yin baƙi ƙirin na tsawon hoto ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, a hoto na gaba kuma farin murabba'i ya fito a inda agwagwar take. In idon ya ga duhu sannan ya ga haske, an ci. Wannan duhun na farko shi ne yake hana a yi maguɗi da saita bindiga a kan ƙwan fitila.

Tsohon talabijin mai ƙeya yana zana hoto nan take da ya iso. Na bango sai ya tattara hoton ya sarrafa shi tukuna, jinkirin ɗan kaɗan ne amma ya isa murabba'in ya fito bayan wasan ya gama dubawa. Idon kuma an yi shi ne don irin ƙyaftawar hasken mai ƙeya. Ba saitin da zai gyara wannan, sai dai a nemo mai ƙeya, ko ɗan inci 14 ya wadatar. A rage hasken ɗaki, a goge gilashin bakin bindigar. In kuna biyu, a wasan agwagwa ɗaya na Duck Hunt mutum na biyu yana iya tuƙa agwagwar da hannun gem.

Tambaya: Na sayi Pokémon Gold na hannu. Ina ajiye wasa, in na kashe na kunna sai in tarar babu komai. An cuce ni da jabu ne? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wataƙila ma alamar na asali ce. Kaset ɗin wancan zamanin suna ajiye wasa ne a ma'adanar da sai da wuta take tuna abu, wutar kuma daga wani batir mai kamar kwabo take zuwa, mai bolt 3, a cikin kaset ɗin. The Legend of Zelda na NES a 1987 ne ya yaɗa wannan dabarar. Gold da Silver da Crystal sun fi saurin shanye nasu domin suna da agogo a ciki da yake tafiya dare da rana ko kaset yana cikin durowa.

Noti ɗaya ne a baya, mai milimita 3.8. Ka kwance shi, ka zame murfin gaba ƙasa kaɗan sannan ka ɗaga. Ka duba lambar da ke jikin tsohon batir ko a kan allon: CR2025 aka fi samu a Gold da Silver, CR1616 a wasu kaset ɗin Game Boy, ƙaramar na'urar gem ta riƙewa a hannu, CR2032 a na NES da Super Nintendo. Ka auna da mita, sabo yakan nuna 3 ko sama kaɗan. Ka sayi mai kunnuwan ƙarfe a manne tun daga masana'anta. Kada ka ɗora ƙarfen dalma a jikin batir tsirara, zafi yana iya fasa shi. Kafin ka cire tsohon ka ɗauki hotonsa da waya don ka tuna ina ne + ina ne -, domin juya su shi ne kuskuren da aka fi yi. Ka narkar da dalmar kunne ɗaya ka ɗaga, sannan ɗayan, kowanne daƙiƙa biyu zuwa uku, in ka daɗe tagullar allon tana ɓanɓarowa. Masu liƙewa da salatif suna samun aiki na ɗan lokaci, amma ranar da kaset ya faɗi wutar ta yanke na ƙiftawar ido, ajiyar wata shida ta tafi. In ka gama ka ajiye wasa, ka cire kaset, ka jira minti goma ka gwada. Duk mai tsohuwar ajiya da yake so, ya kwafe ta da na'urar kwafe kaset kafin a taɓa batir, don cire shi yana share ta.

Wasannin Pokémon na baya, Ruby da Sapphire da Emerald, daban suke. Ajiyarsu ba ta dogara da batir ba, agogo kawai yake riƙewa, in ya mutu 'ya'yan itatuwan da ka shuka ne za su daina girma. Game da jabu kuwa, tunda ka buɗe, ka duba: na asali yana da sunan Nintendo a buge a kan allon da lambobi da aka danna a jikin takardar gaba, jabu kuma sau da yawa za ka ga ɗigon baƙin ƙaro a inda ya kamata guntu mai ƙafafu ya zauna.

Tunda muna kan Pokémon: Mew, halitta ta 151 a jerin halittun wasan farko, ba ya cikin shirin fitowa. Da aka cire kayan gwaji daga wasan dab da fitarsa a 1996, wurin da ya rage bayit 300 ne, Shigeki Morimoto na Game Freak, kamfanin da ya yi wasan, ya cusa shi a nan.

Tambaya: Ina Kirby ya samo sunansa? (Ɗaliba daga Katsina)

Amsa: 'Yar'uwa, akwai lauya a cikin labarin. A 1982 kamfanin fina-finai na Universal ya maka Nintendo a kotu, yana cewa Donkey Kong satar King Kong ne. Lauyan Nintendo, John Kirby, ya tono cewa Universal da bakinsa ya taɓa tsayawa a wata kotun ya ce labarin King Kong ba mallakar kowa ba ne. Nintendo ya yi nasara, ya kuma yi wa lauyan tukuici da jirgin ruwa mai filafilai da aka sa wa suna Donkey Kong. Shekaru bayan nan Masahiro Sakurai na HAL Laboratory, yana ɗan shekara 19, ya zana wani ɗan dunƙule don riƙon ƙwarya kafin a yi zanen gaske, sai dunƙulen ya shiga ran kowa aka bar shi. Popopo ake kiransa. Da aka zo neman sunan da zai shiga kunnen Amurkawa, Kirby yana cikin jerin, kuma Miyamoto ya ce sunan lauyan yana cikin dalilan zaɓensa. A kwalin Amurka na 1992 fari aka zana shi, domin allon Game Boy ba ya nuna launi, alhali Sakurai ruwan hoda ya nufa.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara biyu ya sa katin wasa na Switch, na'urar gem ta Nintendo, a baki ya tofar yana kuka. Akwai guba a jiki? (Uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Da gangan aka shafa wa katin wani sinadari mai suna denatonium benzoate, ɗaya daga cikin abubuwa mafi ɗaci da aka sani, don yaro ya tofar kafin ya haɗiye. Ɗan abin da ke jikin katin ba ya cutarwa. Ki wanke masa baki, ki ba shi ruwa. Abin da za ki fi sa wa ido shi ne batir mai kamar kwabo da muka ambata a sama, wanda ake samu a rimot da agogo ma. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i biyu. Asibiti kai tsaye, ba jira, ba sa shi amai.

Tambaya: Zelda shi ne yaron nan mai koren kaya da takobi? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: A'a, Link ke nan. Zelda gimbiya ce, Miyamoto ya aro sunan daga Zelda Fitzgerald, matar wani marubucin Amurka. Link bahago ne a yawancin tsofaffin wasannin. A wasan Zelda mai suna Twilight Princess na na'urar Wii a 2006, da yake yawancin mutane da dama suke riƙe rimot, sai aka juya duniyar wasan gaba ɗaya kamar a madubi, gabas ta koma yamma. A wasan farko kuma, in ka rubuta ZELDA a matsayin sunanka, zai buɗe maka zagaye na biyu mai wuya tun daga farawa.

Tambaya: Hannun Switch ɗina na hagu yana tafiya da kansa ko ban taɓa shi ba, abin ya fi tsanani da hunturu. (Mai karatu daga Sakkwato)

Amsa: Malam, wannan ciwon sananne ne a Joy-Con, wato hannun Switch. A ƙarƙashin sandar akwai 'yan ƙananan ƙarafa da suke goga wani baƙin faifai, da wannan gugar na'ura take gane inda ka karkata. Yau da gobe faifan yana cinyewa, garinsa ya haɗu da ƙurar da ta shiga, sai na'ura ta riƙa karanta motsi alhali sanda tana tsaye. Ƙurar hunturu mai laushi ce, tana bi ta ƙarƙashin 'yar robar da ke wuyan sandar.

Ka bi daga mai sauƙi. Shiga System Settings, sai Controllers and Sensors, sai Calibrate Control Sticks. In ka saki sanda ya kamata alamar ta zauna cif a tsakiya. In ta kauce ka sake saitin. In tana rawa ita kaɗai, datti ne ko cinyewa. Ka kashe hannun, ka ɗaga robar wuyan da tsinke, ka fesa ɗan maganin wanke kayan lantarki ko ka ɗiga sifirit, ka jujjuya sandar na rabin minti, ka bar ta ta bushe minti goma sha biyar. Ban da duk wani feshi mai maiƙo, yana kama ƙura ya ƙara dagula abin.

In ya dawo bayan sati biyu, faifan ya cinye, sai canji. Noti huɗu ne a baya masu baki uku, sai sukudireba Y00. Ƙarfensu laushi ne, ka danna sosai kafin ka juya, in kansu ya gwigwiye fitar da su aiki ne babba. Ka buɗe murfin kamar littafi, kada ka fizge, akwai siraran wayoyi masu kamar ribon a haɗe da shi. Ka cire batir tukuna. A hannun hagu noti uku ne suke riƙe faifan tsakiya, kuma ribon maɓallin ZL yana manne da shi, shi ne aka fi tsinkawa. Sandar kanta noti biyu ne da ribon ɗaya, a ɗaga ɗan murfin makullinsa da farce kafin a zare. In za ka saya, nemi mai aiki da maganaɗisu, wadda ake kira Hall, domin ba abin da yake gogar wani a cikinta. Bayan ka rufe ka koma Calibrate Control Sticks ka sake saiti, in ba haka ba sabuwar ma za ta iya nuna ta ɗan kauce daga tsakiya.